Ajin ƙaga labari a jami'a: yadda na tafiyar da bitar daftari da wuraren da take karyewa

Kwas ɗin ƙagaggen labari da nake koyarwa mako 13 ne, awa biyu a kowane mako, kuma a zangon da zan yi bayani ɗalibai 48 suka yi rajista. Wannan adadin shi ne cikas na farko, domin hanyar da na ɗauko ba don taron jama'a aka yi ta ba.

Hanyar ita ce wadda Jami'ar Ayowa ta Amurka ta yi suna da ita. A 1936 aka kafa shirin marubuta na can, Paul Engle ya riƙe shi daga 1941 zuwa 1965, kuma karatun shekara biyu ne da ke ƙarewa da digiri na biyu. A Ingila sai a 1970 Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe irinsa a Jami'ar East Anglia, inda fitattun marubuta Ian McEwan da Kazuo Ishiguro suka yi karatu. Tsarin ba wuyar faɗa: 'yan mutane kaɗan su kewaye tebur, ɗaya ya raba daftarinsa tun kafin ranar zama, kowa ya karanta ya yi rubutu a gefen takarda, ranar zama a tattauna labarin, mai labarin kuwa ya kama bakinsa har a gama. Hikimar shirun ita ce wanda zai karanta littafinka a ɗakinsa ba shi da kai a kusa balle ka ce masa ga abin da kake nufi.

Na raba ajin gida shida, mutum takwas takwas. Mako huɗu na farko na motsa hannu ne. Mako takwas na bita, kowane rukuni yana duba labari biyu a zama, minti 40 kowanne, wato mako huɗu a zagaye kowa, sannan a sake zagayowa da gyararren daftari. Makon ƙarshe na miƙa aiki. Minti 30 na farkon kowane zama darasi ne ga kowa da kowa, sauran minti goma kuwa jan kujeru da masu latti ke cinye su. Labari kada ya wuce kalma 1,500, kimanin shafi shida idan an buɗa tsakanin layuka, kuma kwafi tara ake bugawa, takwas na rukuni ɗaya nawa. Na gwada barin su karanta a waya don rage kuɗin bugawa, abin bai yi ba. Wanda ya karanta a waya da ra'ayi kawai yake zuwa, wanda ya karanta da biro a hannu shi ke iya cewa shafi na uku, layi na bakwai. Ni kuma labari 12 nake karantawa duk mako, kalma 18,000 ke nan, duk mai son ɗaukar wannan tsarin ya fara yin wannan lissafin.

Makonnin motsa hannu ba su tsallakuwa, saboda ɗalibin sashen harshe ya riga ya shafe shekara biyu ko uku yana feɗe littattafai: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Wannan ilimi ne na mai nazari, daga ƙarshe yake farawa. In ka ce masa ya rubuta labari sai ya fara da jigo, illar auren dole ko shaye-shaye ko talla, sannan ya nemo mutanen da za su ɗauki allon su yi ta yawo da shi. Taurarin ba sa son komai don kansu, jiran sakin layin ƙarshe suke yi inda marubucin zai fito ya yi wa'azi. Aikin farko da nake bayarwa kalma 300 ne: mutum biyu, ɗaki ɗaya, ɗaya na son wani abu da ke hannun ɗayan, kuma an hana ambaton sunan abin da ke cikin zuciya, ba fushi, ba kishi, ba baƙin ciki. Maimakon "Ladi ta ji haushin kishiyarta ƙwarai", sai a samu "Ladi ta sauke tukunyar tun ba ta nuna ba, ta kwashe ragowar itacen ta shige da shi ɗaki." Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san abin da ya faru ba sai an fassara masa ba.

Amma ban yarda da waɗanda suka mai da wannan doka ba, wai komai sai an nuna shi kamar a fim. Hausa tana da muryar mai ba da labari tun daga tatsuniya, kuma "kwanci tashi" na iya haɗiye shekara bakwai ba tare da an yi asarar komai ba. Abin da nake koyarwa rabon fili ne: wurin da wani abu ya canza a tsakanin mutane, nan ake tsayawa a shimfiɗa, sauran a wuce da sauri. Daftarin farko kusan kullum akasin haka yake. Shafi biyu na gaisuwa da girki da kwalliya, sakin da ya rusa gidan kuwa layi ɗaya. Gaisuwar ma tana da amfani in an san inda za a sa ta. A bar ta a wurin da aka ƙi amsa ta, ko aka amsa ta a daƙile, a cire ta a ko'ina.

Akwai kurakurai biyu da Hausa ce ke haifar da su, ba za ka same su a littafin koyar da rubutu na Turawa ba. Na farko wakilin suna. "Ya ce masa ya ba shi kuɗinsa" na iya ɗaukar maza uku, kuma marubucin ba ya ganin ruɗanin don shi ya san wanda yake nufi. Nakan sa su zagaye kowane "ya" da "shi" da "masa" a shafi ɗaya su rubuta sunan mai shi a sama. Inda mutum biyu a rukunin suka rubuta suna daban, nan ake mayar da sunan tauraro ko a sake gina jimlar. Na biyu lokacin aiki. Jerin labari da "suka" yake tafiya: suka isa tasha, suka sayi tikiti, suka zauna. "Sun isa" kuwa ja da baya yake yi, yana faɗar abin da ya riga ya auku. A tilo ba a ganin bambancin a rubuce domin ba ma nuna tsawon wasali, "ya isa" duka biyun ne. Dabarar ita ce a mai da tauraron jam'i a karanta a bayyane, nan take kunne zai kama inda "sun" ta kutsa cikin jerin "suka" ta tsinka zaren.

Bitar kanta a zaman farko minti bakwai ta yi ta mutu. Ma sha Allah, labari ya yi ma'ana, Allah ya ƙara basira, sai kowa ya yi shiru yana kallon takarda. Kunya ce da kara, kuma ba laifi ba ne, ba wanda aka rena da tsage aikin abokinsa a gabansa. Inda bakin ya buɗe kuma sai aka koma shari'a, ana cewa bai kamata yarinyar ta fita ba da izini ba, me ya sa ba a hukunta mijin ba. Mafi muni shi ne ɗaukar marubuci a matsayin tauraronsa, musamman idan mace ce ta rubuta da "ni". Wadda aka yi wa wannan kallon sau ɗaya, labarinta na gaba ba za ka sami komai a ciki ba sai ladabi. Don haka na kafa doka biyu da ba sassauci: ba a tambayar ko da gaske abin ya faru, kuma ba a cewa "ke" ko "kai" ga mai labari, sai dai a ce "labarin" ko "mai ba da labarin".

Abin da ya raya zaman shi ne raba minti 40 ɗin. Minti biyar wani, ba marubucin ba, ya karanta shafin farko a bayyane, duk inda ya yi tuntuɓe a sa alama. Minti goma kowa ya faɗi abin da ya faru a labarin cikin jimla uku, ba yabo ba suka. Wannan matakin ya fi kowanne amfani. Idan mutum bakwai suka ba da labari iri uku, ba sai an ce wa marubucin komai ba, ya ji da kunnensa. Ga shi ba wanda ya ci fuskar wani, tunda maimaitawa kawai aka yi. Minti 15 na gaba a nuna wurin da hankali ya kamu da wurin da ya kuɓuce, da lambar shafi. Ragowar goma na marubucin ne. A nan na kauce wa tsarin Ayowa na ari wani abu daga hanyar Liz Lerman, Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, wadda ta shimfiɗa matakan karɓar suka inda mai aikin ke yin tambaya da kansa, kuma mai ra'ayi sai ya nemi izini kafin ya faɗa. Shiru ɗari bisa ɗari a ajin da ƙarami ba ya musu da babba yana mai da bita zaman kotu. Sai dai tambaya aka yarda ya yi, ba kare kai ba. Kowane mai karatu kuma yana zuwa da wasiƙar sharhin labarin ta kalma 250 da ya rubuta tun a gida, wanda bai kawo ba ba ya magana a ranar.

Ƙa'idojin rubutu na fitar da su daga tattaunawa gaba ɗaya. In ka bari, minti 40 za su ƙare a kan "yace" da "ya ce", "shine" da "shi ne", "akan" da "a kan", da baƙaƙe masu ƙugiya da wayar wani ba ta da su. Ina gyara shafin farko kaɗai da jan biro, sauran biyar aikin mai shi ne. Karin harshe kuwa a bakin taurari halal ne. Tsohuwa Basakkwata ta yi Sakkwatancinta, ɗan jami'a ya yi Ingausarsa, mai ba da labari ya tsaya a daidaitacciyar Hausa sai in da dalili.

Iyakar kalma 1,500 ta wahalar da su fiye da komai. Da yawansu sun saba da labaran da ake saki kashi kashi a WhatsApp da Facebook, inda tsawo riba ne, sai su cusa littafi guda cikin shafi shida, daga haihuwa har aure har sakayya. Na ƙayyade musu: taurari masu suna kada su wuce huɗu, lokacin labari kada ya wuce kwana uku, a fara daga ranar da abin ya lalace. Gajeren labari yana da kasuwarsa, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata a kansa take. Kuma ina tuna musu cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko ta gasa ya shigo, wadda Rupert East, Baturen jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933, sannan marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai daga shekarun 1980 ba takardar digirin ƙaga labari ta sa su rubutu ba. Abin da aji ke iya bayarwa, wanda mai rubutu shi kaɗai a ɗaki ba ya samu, masu karatu bakwai ne da aka tilasta wa lura, da ranar da dole a miƙa aiki. Baiwa ba ta cikin manhaja.

Zagaye na biyu ya nuna mini cewa yawancinsu gyaran rubutu suka ɗauka shi ne gyaran labari. A sa ƙugiya, a raba kalmomi, a sake bugawa. Yanzu sharaɗin shi ne a buɗe sabon shafi a sake rubutawa daga farko, domin jimlar da mutum ya ji ƙyuyar sake bugawa galibi ba ta da aiki. Dole kuma a taɓa ginin a wuri ɗaya aƙalla: a canza mafari, ko wanda ake kallon labarin ta idonsa, ko a cire tauraro guda. A haɗa da bayani na kalma 400 kan shawarar da aka ɗauka da wadda aka ƙi da dalili. Shawara uku kawai na yarda a ɗauka. Wanda ya bi ta kowa, labarinsa yakan fito sumul ba rai, kuma zuwa mako na goma sai ka ga labaran rukuni sun fara kama da juna, sun kuma fara kama da abin da malam yake so. Saboda haka ni nake magana a ƙarshe, ba na wuce minti uku.

Maki 60 na jarrabawa ne a tsarin da nake aiki a ƙarƙashinsa, kuma ba a ƙaga labarin kirki cikin awa biyu a zauren jarrabawa. Sai nake ba su gurgun shafi da na rubuta da gangan, su gyara su bayyana dalili. Sauran 40: goma na wasiƙu, goma na miƙa daftari a kan lokaci, 20 na tazarar da ke tsakanin daftarin farko da na biyu. Satar fasaha da rubutun na'ura kuwa, ayyukan makonnin farko da aka yi da hannu a cikin aji su ne ma'aunina, da hira ta minti biyar kan abin da ba ya cikin takarda: me ke ƙarƙashin gadon tauraruwar, wane sakin layi aka cire. Wanda ya rubuta da kansa yakan amsa har sai an tsayar da shi.

Canji ɗaya da na yi a zango na gaba shi ne cakuɗa rukunoni kafin zagaye na biyu. Tsofaffin masu karatu sun riga sun san abin da marubucin yake nufi, suna cike masa giɓi ba su sani ba. Yanzu mutum huɗu nake bari a rukuninsu, huɗu su koma wani, kuma sababbin zuwa su ake fara tambaya me ya faru a labarin.