Wasiƙa daga Edinbara: Kyamara ba ta san fuskarmu ba sai mun nuna mata

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Ina gaishe ku da sanyi, don na san yanzu hunturu ya kankama a can, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa. Mu ma a nan Edinbara, babban birnin Sikotland, sanyin muke sha, sai dai namu da duhu yake tafe. A wannan wata na Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe biyu an yi la'asar, huɗu saura kuwa magariba ta yi. Yinin gaba ɗaya kamar sa'a bakwai ne. A ɗan wannan tsakanin nake fita da kyamara, ni da ban cika shekara ina riƙe ta ba. Abin da na koya nake so in ba ku, musamman matasan da ke tara kuɗin sayen kyamara, da masu ɗaukar hoto da waya a wurin biki da suna.

Ta hannu na saya, gab da azumi, da gilashin gabanta wanda galibi ake haɗowa da ita. Na bar ta a oto, wato ita ke saita komai da kanta, a zatona ta fi ni sanin aikinta. Ranar ƙaramar Sallah, bayan an sauko idi, wani ɗan Damagaram da muke haya a gida ɗaya, wanda ya girme ni har nake ce masa Yaya, ya ce mu hau tudun Calton in ɗauke shi, zai aika wa mahaifiyarsa. Shekara uku ke nan rabonta da shi. Ya sha farar shadda mai aiki a wuya, ya kafa hula. Na tsayar da shi, birni a bayansa, sama ta yi fari fat da gajimare, na danna kusan sau ashirin. Da muka duba, ga gine-gine sun fito, ga aikin wuyan riga zare-zare, amma inda fuska take sai baƙar inuwa, ko idanu ba a gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanina, riga zan aika mata?" Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an cakuɗa farinsa da baƙinsa, ruwan toka zai bayar. Da ta ga farar sama da farar shadda sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Farin ya koma toka-toka, fuskar baƙin mutum kuwa ta nutse gaba ɗaya. Mutanen nan sun san wannan matsala ne ranar da dusar ƙanƙara ta sauka. Mu kuwa tamu ta kowace Juma'a ce da kowace Sallah: farar riga, farin rawani, rana tsaka.

Akwai ɗan maɓalli mai alamar ƙari da ragi, wata dattijuwa da muke fita yawon ɗaukar hoto tare ce ta nuna mini shi. In ka kai shi +1 ka ninka hasken, fuska ta dawo. A waya kuma taɓa fuskar za ka yi a allo, ka ja 'yar alamar rana da za ta bayyana zuwa sama. Amma in ka ƙara da yawa, fuska ta fito, riga ta ƙone, aikin da maɗinki ya kwana a kai ya zama fari fes babu ko zare ɗaya. Ido yana iya riƙe su biyun lokaci guda, kyamara ba ta kai nan ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Don haka maganin gaskiya ba a maɓalli yake ba, a ƙafa yake: ka ɗauke mutumin daga inda fari da baƙi suka yi nisa da juna, ka kai shi inda suka kusanto, inuwar bango ko bakin ƙofa, ka juya shi hasken ya zo masa ta gaba ko ta gefe.

Abubuwa uku ne ke yanke yawan hasken da zai shiga. Na farko ƙofar haske, ramin da ke cikin gilashi, wanda ake rubutawa da harafin f. Lambobinsa a juye suke, shi ya sa ya wahalar da ni makonni: f/4 ya fi f/16 faɗi. Daga 4 zuwa 5.6, zuwa 8, zuwa 11, zuwa 16, kowane taki rabin hasken na baya ne. In ka buɗe ƙofar da faɗi, mutum ya fito tar, bayansa ya narke. In gari kake so ko gona, daga gabanka har can nesa, f/8 ko f/11. Na biyu ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido. Mai tsaye cik 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi, dokin da aka sako a guje a Hawan Daushe kuwa sai ka kai 1/1000. In ka sauko ƙasa da 1/60 kana riƙe da hannu, rawar hannunka za ta shiga hoton, balle a nan da yatsu ke ƙandarewa. Na uku ISO, da shi ake ciko idan haske ya gaza. A rana 100 ya wadatar. A nan, da ƙarfe uku na yamma sai na kai 800 ko 1600, hoton ya fara yin tsaki-tsaki. Na gwammace tsakin da hoton da ya yi dishi-dishi, don shi ba ya gyaruwa.

Shawarata ga sabon shiga, kada wani ya kunyata ka cewa sai ka murɗa maɓallin zaɓin kyamara zuwa harafin M kana saita komai da hannu. Ka sa A, wasu kyamarori sun rubuta Av, ka zaɓi ƙofa, ita ta zaɓi ƙiftawa, kai kuma kana tsaye a kanta da maɓallin ƙari da ragi.

A gindin tudun nan na Calton akwai wani gida, Rock House. A nan ne David Octavius Hill da Robert Adamson suka fara aiki tare a 1843, lokacin sana'ar hoto tana jaririya. Hasken ɗaki bai ishi takardarsu ba, sai su fito da mutane lambu, su zaunar da su a rana ba motsi. Har Newhaven suka je suka ɗauki masunta da matansu. Duk lokacin da na wuce ta wurin nakan tuna cewa tun farkonta sana'ar nan ta jiran haske ce.

Nan ne nake so ku saurare ni da kyau. Yawancin darussan da za ku gani a intanet mutanen ƙasashe irin wannan ne suka yi su, da haskensu. A nan, a ƙarshen Disamba, rana ko tsakar yini ba ta hawa sama da digiri 11, a kwance take tafiya, haskenta mai laushi, inuwa dogaye. Kano kuwa digiri 12 kawai take arewa da tsakiyar duniya. Shi ya sa da bazara rana a tsakar ka take, hula ta jefa inuwa a goshi, idanu su zama ramuka. Jan hasken yamma da suke yabo, wanda a nan yakan daɗe, a gida bai fi rabin sa'a ba, don rana a miƙe take faɗuwa. Wanda bai tsaya a wurinsa tun la'asar sakaliya ba ya makara. Amma muna da abin da ba su da shi. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta rana tsaka: f/16, ISO 100, ƙiftawa 1/125. Ban taɓa samun ranar da zan gwada ta a hunturun nan ba, ku kuwa kusan kullum kuna da ita. Hazon da ke damun ku yanzu ma mayafi ne a kan rana, yana tausasa ta. Sai dai kada ku canza gilashi a cikin iska, ƙura ɗaya in ta shiga za ta bi kowane hoto. Ƙofar zaure kuma ban ga ɗakin hoton da ya fi ta ba: haske ta gefe ɗaya, duhu a baya. Inuwar darbejiya ce ban yarda da ita ba, dabbare-dabbare take yi a fuska.

Batun tsara hoto, kuskurena na farko haɗama ne. Ina so dutse ya shiga, teku ya shiga, mutum ya shiga, alhali ba a tauna taura biyu. Yanzu kafin in danna nakan tambayi kaina hoton wa nake ɗauka, in matsa kusa da shi. Na kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, in ɗora idon mutum a mahaɗarsu maimakon tsakiya. Sai in bi gefuna huɗu da ido, don falwaya ko turken lantarki na iya tsirowa daga kan mutum ba ka lura ba. Inda sama ta haɗu da ƙasa ya miƙe. Mai tafiya a bar masa fili a gabansa. Yaro a durƙusa masa. Wanda ba ka sani ba kuwa a yi sallama a nemi izini, musamman mata.

Mako biyu bayan Sallah na roƙi Yaya ya sake sa shaddar. Muka koma tudun da yamma. Wannan karo na juya shi, na sa duhun ginshiƙan dutsen da ke kan tudun a bayansa maimakon sama, hasken yamma na zuwa ta kafaɗata. Na buɗe ƙofa zuwa f/5.6, na duba fuska, na duba wuyan riga, duka biyun suna nan. A daren ya aika. Da safe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da waya a hannu, ya kunna mini saƙon muryar tsohuwa. Ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce ta ga ya rame, ko ba ya samun tuwo a can.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Edinbara.