Yadda na sake shirya muhawarar Valladolid da ɗalibaina

A zangon karatun da ya wuce na gaji da koyar da tarihin tunanin siyasa kamar yadda aka koya mini, wato a fara da malaman Ingila a ƙare da na Faransa, sai na ware makonni uku ga malaman Sifaniya na ƙarni na 16. Na raba ajin gida biyu domin su sake gudanar da muhawarar da aka yi a birnin Valladolid na Sifaniya a 1550 da 1551, inda Sarki Carlos na Sifaniya ya tara malamai su saurari Juan Ginés de Sepúlveda da Bartolomé de las Casas a kan halaccin yaƙar 'yan asalin nahiyar Amurka da mallake su, Sepúlveda yana goyon bayan yaƙin, Las Casas kuma yana adawa da shi.

Na ɗauka masu kare Las Casas za su yi nasara ba tare da wata wahala ba, amma kashi suka sha. Ɓangaren Sepúlveda sun riƙe maganar Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, cewa akwai mutanen da aka halitta domin bauta, suka ƙara da batun yanka mutane domin tsafi a daular Aztek ta 'yan asalin Mexico, alhali abokan karawarsu ba su zo da komai ba sai tausayi. Laifin nawa ne, domin labarin kisan gillar da Sifaniyawa suka yi wa 'yan asalin Amurka wanda Las Casas ya wallafa a 1552 kaɗai na ba su, na manta cewa kuka ba ya rushe hujja.

A mako na biyu na kawo musu laccocin da Francisco de Vitoria ya gabatar a Jami'ar Salamanca a 1539, inda ya nuna cewa 'yan asalin Amurka su ne masu ƙasarsu na haƙiƙa tun kafin zuwan Turawa, cewa sarkin daula, wato Carlos, ba shi ne mai duniya ba, Fafaroma ma ba shi da ikon rabon ta, kuma ƙin karɓar addinin Kirista ba dalilin yaƙi ba ne. Nan muhawarar ta daidaita. Wata ɗaliba, 'yar gidan fatake, ita ta fara gano ɓarakar da ni kaina na tsallake, wato Vitoria ya halatta yaƙi idan aka hana Sifaniyawa yawo da ciniki a ƙasar, wanda a ganinta rufe ƙofa ne a bar taga a buɗe.

Tambayar da ta fi ba ni kunya ta zo ne daga bayan aji: "Malam, mu kuma fa baƙaƙen fata?" Na san Las Casas ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbin 'yan ƙasar, daga baya ya yi nadama a littafinsa na tarihi wanda ba a buga ba sai 1875, amma na ɓoye wannan don kada in ɓata musu gwarzo. Tun ranar nake fara darasin da wannan tabon.

A zango mai zuwa zan ƙara Juan de Mariana, wanda aka tsare bayan ya rubuta a 1609 cewa sarkin da ya rage darajar kuɗi ya ƙwaci dukiyar talakawa ba da yardarsu ba, kuma zan ɗora kusa da shi dokar korar jikokin Musulmin Andalus daga Sifaniya da aka fara zartarwa a shekarar.