Auna halin likita mai koyon tiyatar ƙashi

A tiyatar ƙashi, gane mai hannu ba wuya: hoton da aka ɗauka bayan aiki zai nuna ko ƙarfen da aka sa wa ƙashin ya zauna daidai. Hali ne ke ba malamai wahala. Takardar ƙarshen zango sau da yawa ba ta wuce "yana da kirki" ko "ba shi da matsala", kuma wannan ba ya gyara kowa.

Tun 1999 hukumar ACGME, mai sa ido kan horar da likitoci a Amurka, ta sa ɗa'ar aiki cikin ginshiƙai 6 da ake auna likita mai neman ƙwarewa da su. Binciken da wata likita a Amurka, Maxine Papadakis, ta jagoranta a 2005 ya nuna cewa waɗanda aka kama da rashin ɗa'a tun suna ɗalibai sun fi sauran fuskantar ladabtarwar hukumar lasisi da kusan ninki 3, musamman masu sakaci da masu ƙin karɓar gyara.

To me za a duba? Aiki, ba suna ba. Nas ta kira likita mai koyon ƙarfe 2 na dare ta ce mai karayar ƙwauri yana kukan ciwon da ya fi ƙarfin magani a ƙarƙashin filasta. Ya zo ya tsaga filastar ya duba ƙafar, ko ta waya ya ce a ƙara allura? Kumburin da ke matse tsoka ya tare jini, in ya wuce kamar awa 6 ba a buɗe ba, tsoka ta fara mutuwa. A nan hali da ƙwarewa abu ɗaya ne. Haka nan, ya rattaba hannu da biro a kan gaɓar da za a yanka majiyyaci yana farke, don kada a yanka wata, kamar yadda ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta fara kira a 1998? Yana lura da lokacin maɗaurin da ke tsayar da jini kafin ya kai awa 2? In ƙusar da aka ɗaure ƙashi da ita ta zarce cikin mahaɗar ƙashi, shi ya fara faɗa ko jira ya yi a gano? Wanda ya rubuta "jijiyoyi lafiya" bai taɓa ƙafar ba, ƙarya ya yi, ko da ƙafar lafiyarta lau.

Babban likita shi kaɗai ba zai ga waɗannan ba, don kowa na nutsuwa a gaban malaminsa. Sai an tambayi ma'aikatan jinya, na ɗakin tiyata, masu gashin ƙashi, ƙananan likitoci da majiyyata, a kuma ɓoye sunayensu, in ba haka ba tsoro zai sa kowa ya cika takarda da yabo. A rubuta abin a ranar da ya faru: kwanan wata, abin da aka gani, abin da ya biyo baya.

Karo na farko da mai koyon ya yi rashin ɗa'a, a kira shi gefe cikin kwana 1 ko 2, a faɗa masa, a saurare shi. Wani lokaci rashin barci ne ko damuwa ke bayan abin, kuma wannan magani yake so kafin horo. In abin ya maimaitu, sai rubutaccen shiri mai wa'adi, da malami guda da zai bi sawunsa.

Malaman ma a auna su da takarda iri ɗaya. Ɗalibin da ya ga babbansa na jifa da kayan aiki yana yi wa nas tsawa, abin da zai ɗauka ke nan, komai yawan laccar da aka yi masa.