Godiya ga waɗanda suka tsaya aka naɗi tarihin magabatanmu a aikin shari'a

Alhamdu lillahi, an yi taron miƙa hirarrakin da muka naɗa da tsofaffin alƙalai da lauyoyinmu ga ɗakin adana tarihi, an kuma tashi lafiya. A madadin kwamitin da aka ɗora wa aikin, ina miƙa godiya.

Godiyar farko ta iyayenmu masu shari'a ce da manyan lauyoyin da suka yarda aka ajiye musu na'ura a gaba. Mutumin da ya saba shi ke tambaya ana amsa masa, ba ƙaramin tawali'u ba ne ya zauna sa'an ɗan cikinsa yana ta jero masa tambayoyi. Kundin shari'a yana riƙe hujjoji da hukunci, amma ba ya faɗin wanda ya koya wa alƙali haƙurin sauraren mai ƙara, ko yadda lauya ya kwana yana juyi kafin ya gaya wa wanda yake karewa cewa shari'ar ba za ta yi nasara ba. Wannan sai daga bakinsu, kuma sun ba mu. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Sun kuma gindaya mana sharuɗɗa, mun ji daɗin hakan. Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa bai shiga faifai ba, haka ma abin da alƙalai suka tattauna a tsakaninsu kafin yanke hukunci. Kowa ya karanta rubutacciyar hirarsa kafin ya sa hannu a takardar amincewa, wasu kuma suka ce a rufe wani sashe sai bayan ransu. Alkawari ne, za mu riƙe shi.

Akwai waɗanda ba a cika jin sunansu ba, ni kuwa a ganina hirarsu ta fi kowace cike mana giɓi: magatakardan kotu, da tafintoci, da masinjoji. Wani tsohon tafinta ya bayyana mana irin nauyin da yake ji idan mai shaida ya yi magana da karin magana, alhali 'yancin wani ya rataya a kan yadda zai juya ta. Ba mu taɓa ganin wannan a rubuce ba.

Ɗaliban lauya da suka mayar da murya rubutu, sannunku da aiki, domin awa ɗaya ta hira kan ci awanni masu yawa a gaban kwamfuta. Ma'aikatan ɗakin adana tarihi su suka nace a yi kwafi 3 na kowace hira, ɗaya a ajiye shi a wani gini dabam. Su ne kuma suka tuna mana cewa tun 1948 masanin tarihi Allan Nevins ya kafa ofishin irin wannan aiki a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, har yau masu bincike na cin moriyarsa saboda an kula da ajiya.

Ɗaya daga cikin dattawan da muka zanta da su ya rasu kafin ranar taro. Allah ya jiƙansa da rahama. Iyalinsa sun halarta duk da zafin rashi, har suka kawo mana littattafan da yake rubutu a ciki lokacin zaman kotu. Mun gode ƙwarai.

Duk wanda ke da tsohon kaset na jawabi ko hirar wani magabaci, don Allah ya kawo wa kwamiti da wuri, saboda zafi da laima na cinye zaren kaset. Za mu kwafe mu mayar masa da abinsa. Allah ya saka wa kowa da alheri.