Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini

Alhamdulillahi. Jiya aka karanta mini sakamakon hoton PET na biyu, hoton da ke nuna inda cutar kansa take a jiki, wanda aka ɗauka wata 3 bayan na gama gashi, wato ƙona kansar bakin mahaifa da hasken na'ura, kuma wurin nan da ke haske kamar garwashi a bakin mahaifata ya mutu murus. Likita ta ce za a ci gaba da bibiya, ba a sallame ni ba tukuna. Amma yau hankalina ya dawo jikina, kuma akwai bashin godiya a wuyana.

Da likitata zan fara, saboda abin da ta yi mini bayan hoton farko. Ranar hoton an hana ni cin komai na awa 6, aka auna sukarin jinina, aka yi mini allurar wani ruwa mai kama da sukari da ake kira FDG, aka ce in kwanta shiru kusan awa ɗaya. Da takarda ta fito sai na ga an rubuta SUV, ga lamba 15 a gefe. Na duba a waya, na ga ana cewa babbar lamba ba alheri ba ce. Daren nan ban runtsa ba, har na fara yi wa maigidana wasiyya a kan yara.

Washegari ta jawo kujera kusa da ni, ta jera takardu biyu a kan tebur: ta hoton, da ta ɗan naman da aka yanko aka duba. Ta ɗora yatsa a kan kowace ta ce, "Ba a karanta wannan sai da wannan."

Ta ce ƙwayoyin kansa sun fi lafiyayyu zuƙar sukari, abin da wani Bajamushe, Otto Warburg, ya gano tun shekarun 1920, kuma lambar SUV awo ce ta yawan abin da wuri ya zuƙa. Sai dai kowane irin kansar bakin mahaifa da irin cinsa. Sikwamos, wadda ke tasowa daga fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa ta waje, ita ta fi yawa a mata, kuma galibi ta fi haske a hoto. Adenokasinoma kuwa daga ƙwayoyin da ke fitar da yauƙi a ciki take tashi, kuma nau'inta mai yawan majina yakan fito dishi-dishi alhali cutar na nan daram. Ga kuma aji, daga 1 zuwa 3, wato yadda ƙwayoyin suka bar kamanninsu na asali idan an duba su a madubin likita. 'Yan aji 3 su suka fi rikiɗa, kuma yawanci su suka fi ci. Tawa sikwamos ce, aji 3, don haka lambar ba ta ba ta mamaki ba.

Ba ta rufe ni ba. Ta faɗa mini cewa babbar lamba kan nuna ƙari mai zafi, ba na wasa ba. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne kaluluwa biyu da suka yi haske a ƙuguna, wanda a tsarin FIGO na 2018, ma'aunin da likitoci ke auna nisan yaɗuwar cutar da shi, ya kai ni mataki na IIIC1. Dalilin da ya sa aka bar batun tiyata aka koma gashi da kemo, wato maganin kansa na ƙarin ruwa, ke nan. Ni da na ɗauka aji da mataki abu guda ne! Likita, minti talatin ɗin nan da kika ba ni sun fi mini kowane maganin barci. Allah Ya saka miki da alheri.

Ina godiya ga masanin da ya duba naman nan, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, da ma'aikacin ɗakin hoto da ya lallaɓa ni in yi fitsari kafin in hau na'ura, domin FDG ta fitsari yake fita, kuma mafitsara in ta cika haskenta yakan tare bakin mahaifa. Nas-nas ɗin da suka riƙa sa mini ruwan kemo na sisfilatin duk mako, suka dage sai na gama komai, har da gashin ciki, cikin mako 8, Allah Ya jiƙan iyayenku.

Maigidana, Mama, da Yaya da ta riƙe mini yara, bakina ya yi kaɗan. Ƙannena mata da suka je gwaji saboda ni, kun faranta mini rai.

Sai baiwar Allah nan da muke zama benci ɗaya a layin gashi. Tata adenokasinoma ce, lambarta ko rabin tawa ba ta kai ba, amma har yanzu tana kan magani. Ita ta riƙe mini hannu ranar da amai ya hana ni miƙewa. Don Allah ku sa ta a addu'a, mako mai zuwa za a yi mata nata hoton.