Kusurwar da kwanon baro yake tsagewa

Shekara 11 ke nan ina buga kwanon baro a 'yar masana'antata da ke Sharada, Kano. Mu bakwai ne, injin matsa ƙarfe ɗaya. A baki aikin ba wuya: a shimfiɗa fallen ƙarfe a bakin turmi, wato ramin injin mai siffar kwanon, zobe ya danne gefensa, taɓaryar injin ta sauko ta cusa shi ciki har ya zama kwano. Rigimar duk tana wurin zoben nan. In ka matse shi da yawa, ƙarfen ba zai gangara ba, sai ya miƙe, ya sirance, ya tsage a kusurwar gindi. In ka sassauta, bakin kwanon ya tattare kamar zanen da bai ga guga ba.

Da can lalube muke yi. A buga, ya yage, a ƙara mai, a goge kusurwa, a sake. Kowane fallen da ya yage kuɗina ne ya tafi wajen 'yan gwangwan, kuma abin yana cin raina.

Bara, da za mu sassaƙa sabon turmi mai zurfi, ɗan ƙanwata da ya karanta injiniyanci ya tare ni: "Kawu, kada a taɓa ƙarfen tukuna, bari in fara buga shi a kwamfuta." Da manhajar LS-DYNA ya yi. Tana raba fallen zuwa dubban ƙananan gidaje, ta lissafa yadda kowanne zai miƙe a tsaye da a kwance, sannan ta gwada da iyakar da ƙarfen zai iya jurewa. Wannan ma'aunin iyaka Keeler da Goodwin ne suka fito da shi a Amurka a shekarun 1960. Inda lafiya kore ne, inda zai tsage ja. Kusurwoyin gaba biyu suka fito jawur. Ya buɗe lanƙwasar daga milimita 6 zuwa 10, ya rage kunnuwan fallen, jan ya ɓace. Da muka buga na gaske, kwano ya fito sumul.

Bayan wata uku aka kawo mana wani kayan fallen ƙarfe, kauri ɗaya, milimita 0.8, amma ya dinga tsagewa. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, halin ƙarfen farko muka ba ta, wannan kuwa ya fi tauri. Tun daga nan, duk kayan da ya shigo sai mun yanki tsiri uku, ɗaya a bin tsawon naɗin, ɗaya a gicciye, ɗaya a karkace, a ja su a inji har su tsinke, a ba yaron lissafin. Nakan kuma sa a zana ƙananan da'irori a falle ɗaya kafin a buga shi. Duk inda da'ira ta koma siffar ƙwai sosai, nan nake fara kai ma'auni.