Abin da ya fi fomula wahala a fiziks na aji ɗaya

Duk ɗalibin da ya ɗauki fiziks a shekarar farko ta jami'a, kukan da za ka fara ji a bakinsa shi ne lissafi ya yi yawa, fomula sun yi yawa, haddace wannan haddace wancan. Ni kam a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Fomulolin zangon farko ai ba su taka kara sun karya ba, kusan duk daga F = ma suke fitowa, wato ƙarfi daidai yake da nauyin abu sau saurin canjin gudunsa. Abin da ke wahalar da mutum shi ne ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haɗa nata fiziks ɗin tun yana yaro, kuma wannan ɗin bai yarda da na Newton, masanin da ya kafa dokokin motsi, ba sam.

Ka jefa ƙwallo sama, ta bar hannunka tana hawa. Wane ƙarfi ne ke aiki a kanta? Yawancinmu cewa za mu yi akwai sauran ƙarfin hannu da ke tura ta har ya ƙare sannan ta faɗo. Wallahi babu shi. Daga lokacin da ta rabu da hannunka, in an ajiye iska gefe, jan ƙasa kaɗai ya rage, yana zaftare mata gudu kusan mita 9.8 a sakan duk bayan sakan ɗaya, kuma ko can ƙololuwa inda gudunta ya koma sifili jan nan bai tsaya ba, da ya tsaya ai da can za ta zauna abinta.

Kuma wannan tunanin ba rashin basira ba ne fa. Aristotle, babban masanin Girka na dā, da kansa ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi, mai nauyi kuma ya fi saurin faɗuwa, aka yi ƙarnuka ana kan haka kafin Galileo, masanin Italiya, ya riƙa gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci, sannan Newton ya fitar da dokokinsa uku a 1687. Abin da ya ɗauki masana tsawon wannan zamani shi ake so ɗalibi ya haɗiye cikin 'yan makonni, to dole a ji jiki mana. In har yanzu zuciyarka na gardama, nemi bidiyon tafiyar Apollo 15 zuwa wata ta 1971, ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka dira tare.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga ana tsallake zanen ƙarfi a ruga wa kalkuleta. Zana abin tukuna, ka sa kibiya ga kowane ƙarfi, kowace kibiya kuma ka tambayi kanka wa ke turawa ko wa ke ja. In ba ka iya nuna mai turawar ba, goge ta. Gwada da babbar mota da ƙarama in sun yi karo, za ka ga ƙarfin da kowacce ta buga wa 'yar'uwarta daidai yake, ƙaramar ce dai gudunta ya fi canzawa saboda ba ta kai waccan nauyi ba. Sai zanen ya zauna sannan a shigo da lambobi.